Daga Ƙofar Durɓi Zuwa Gidan Tarihi: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Tsofaffin Ɗalibai



Kwamiti ya nemi in yi magana a kan ziyarar gidajen adana kayan fasaha, irin waɗanda ake ajiye zane-zane da kayan gilashi a cikinsu. Da yawa a cikinmu aiki ko karatu ya kai su Turai, sun shiga irin waɗannan gidaje. Wanda ya je Italiya zai ba ku labarin tsibirin Murano, inda hukumar birnin Banis ta tattara maƙeran gilashi tun 1291, aka kuma buɗe gidan tarihin sana'ar a 1861. Madalla. Amma ni yau ba zan yi nisa ba, daga nan Ƙofar Durɓi zan tashi.

Idan mutum ya fita ta ƙofar nan ya yi gabas kimanin kilomita 30, zai isa Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani, inda kaburburan sarakunan Durɓawa suke. A 1907 Bature Palmer ya sa aka tona wasu. A 1992 masana daga Jamus tare da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa suka tona guda uku. Abin da aka samu ya ba kowa mamaki: tasoshin tagulla, awarwaron hauren giwa, 'yan kunnen zinariya, wuri, da duwatsun wuya, wasunsu na gilashi. Binciken ya nuna wasu daga cikin kayan sun kai shekara 600 ko fiye. An kai su birnin Mainz aka gyara, aka dawo da su Nijeriya a 2014.

To, ku tsaya a kan ƙwayar dutsen wuya guda ɗaya. Ba ta kai girman gyaɗa ba. Kafin ta zama abin ado, sai da wani ya haɗa yashi da toka ko kanwa, ya hura wuta mai zafin gaske har suka narke, ya zuba abin da zai ba ta launi, ya huda ta tun tana da zafi. Sannan ta bi fatake, hannu zuwa hannu, har ta sauka a wuyan wani babban mutum a ƙasar Katsina. Shi kuwa wuri, asalinsa daga tekun Indiya yake. Ɗaya daga cikin tasoshin ma aikin ƙasashen Gabas ta Tsakiya ce. Ashe tun kafin a gina hasumiyar Gobarau da tunanin kowa ke zuwa kanta, mutanen wannan yanki suna ciniki da duniya. A aji an karanta mana cinikin hamada, mun haddace, mun rubuta a jarrabawa. Amma gani ya kori ji.

Kada kuma wani ya ɗauka gilashi sai daga waje. A Ile-Ife, a wurin da ake kira Igbo Olokun, an gano cewa ana narka gilashi ana yin duwatsu tun wajen ƙarni na 11. A Bida kuwa har yanzu mutanen Masaga suna yin ƙarau da duwatsun wuya. A da su suke haɗa gilashinsu da kansu, daga baya suka koma narka fasassun kwalabe. Iyayenmu mata sun san ƙarau na Nufawa sarai, ku tambaye su.

Batun zane ba zan daɗe a kansa ba. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, suka kafa ƙungiya don su daina kwaikwayon Turawa kawai, su waiwayi fasahar gida. Cikinsu akwai Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, wanda ya yi suna wajen zane da shuɗin launi da kuma ƙawata tagogi da gilashi mai launi, ya rasu a 2021. Ni a ganina abin da suka je nema yana nan a bangon zaurukanmu, a dagin da magina ke zanawa, waɗanda muke rushewa muna sa bulo.

Ga abin da ya dame ni. Muna da gidan tarihi na ƙasa a nan Katsina. Muna da ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Ga Gidan Makama a Kano, tafiyar rabin yini. Amma in na ce wanda ya taɓa kai ɗansa ɗaya daga cikinsu ya ɗaga hannu, na san zauren nan zai yi tsit. Malam mai tarihi yana murmushi, shi ya san gaskiyar maganar.

Saboda haka ina kawo shawara gaban wannan taro. Daga kuɗin da muke tarawa, a ware abin da zai ɗauki mota sau ɗaya a shekara, a kai 'yan aji na ƙarshe gidan tarihi da safe, da rana a wuce Durɓi ta Kusheyi. Sai dai kada a yi musu irin ziyarar da aka saba, a jera yara a ratsa da su ɗaki-ɗaki cikin minti 20, su fito ba su riƙe komai ba. A ba kowane yaro takarda da fensir, ya zaɓi abu guda, ya zauna ya zana shi, ya rubuta da me aka yi shi, daga ina kuma ya zo. Wanda ya fi kyau a buga shi a mujallarmu ta baɗi.

Ina roƙon ma'aji ya duba abin da hakan zai ci, ya kawo mana lissafi kafin a tashi, don a kaɗa ƙuri'a yau.