Daniyel a Gaban Sarki: Magana a kan Fargabar Jarrabawa

Karatu: Daniyel sura 1, Filibiyawa 4:6-7

Gaisuwa ta musamman ga 'yan'uwa da ke Sabo da Mokola a nan Ibadan. Yau maganarmu ta 'yan makaranta ce da iyayensu. In akwai mai shirin rubuta WAEC ko NECO ko JAMB a gidanku, ku kira shi ya matso kusa da rediyo.

Mun san yadda gida yake zama idan jarrabawa ta matso. Yaro ya daina cin abinci. Yarinya ta kwana da littafi a hannu, da safe ta ce duk abin da ta karanta ya gudu. Wani cikinsa ya ɗuri ruwa, wani zuciyarsa ta yi ta bugawa. Wannan ita ce fargaba. Ba aljani ba ne, ba kuwa alamar cewa bangaskiyarka ta mutu ba ce. Haka Allah ya gina jiki: in ya hango hatsari sai zuciya ta ƙara gudu domin mutum ya yi shiri. Kaɗan daga cikinta yana sa ka farka. In ta yi yawa sai ta toshe tunani.

A ina fargabar take samun ƙarfi? Ƙofar ƙunƙuntacciya ce. Ana neman kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi. Jarrabawar JAMB maki 400 ce, tun 2015 kuma a kwamfuta ake yinta. Ga Jami'ar Ibadan nan kusa da mu tun 1948, yaro yana wuce ƙofarta a mota yana tambayar kansa ko zai taɓa shiga. Ga kuɗin rajista da uwa ta tara da sayar da abinci, ko uba ya samo a gadi. Yaron ya san wannan duka, shi ya sa yake jin kamar gidan gaba ɗaya yana kan wuyansa.

To, bari mu duba Daniyel. Sarki Nebukadnezzar ya kwashe samari daga Urushalima ya kai su Babila. Aka sa su makaranta shekara uku, su koyi harshe da rubutun Kaldiyawa. Ba harshen uwarsu ba ne. Har sunayensu aka canja. 'Ya'yanmu na Sabo sun san wannan hali. Tun 1916 aka kafa unguwar nan domin Hausawa baƙi a ƙasar Yarabawa, mu kuwa masu bi 'yan kaɗan ne a cikinta. Yaro ya yi Hausa a gida, Yarabanci a titi, ranar jarrabawa kuma a tambaye shi da Turanci. A ƙarshen shekara ukun, sarki da kansa ne ya yi wa su Daniyel tambayoyi baki da baki. Me ya tsayar da su? Abu huɗu za mu gani.

Na farko, sun yi shiri. Littafi Mai Tsarki ya nuna Allah ne ya ba su ilimi, amma bai ɗauke musu shekara ukun ba. Sun zauna sun koya. Ɗana, 'yata, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka raba darussanka bisa kwanakin da suka rage. In ka karanta shafi, rufe littafin ka faɗi abin da ka gane, ko ka koya wa ƙaninka. Nemi tambayoyin shekarun baya, ka sa agogo a gabanka ka amsa. In ba ka saba da kwamfuta ba, je ka gwada hannunka tun da wuri. Abin da ido ya saba gani ba ya firgita zuciya.

Na biyu, sun ƙi gajeriyar hanya. Daniyel ya ƙi abincin sarki domin kada ya ƙazantu, ko da yake hakan zai iya jawo masa wahala. Yau abincin sarki shi ne satar amsa. Za a ce maka akwai cibiyar da ake rubuta wa mutum amsa a allo, ko wani ya ce ka turo kuɗi ya ba ka tambayoyin gobe. Iyaye, wani lokaci mu ne muke biya. Satar amsa ba ta kashe tsoro, ƙara shi take yi: tsoron mai gadin jarrabawa, tsoron a riƙe sakamako, tsoron ranar da za a ce ka nuna abin da takardarka ta ce ka iya. Gara maki kaɗan da lamiri mai tsabta.

Na uku, ba su ɗauki kayan su kaɗai ba. A sura ta 2, da sarki ya ba da umarni a kashe masu hikimar Babila, Daniyel ya koma gida ya faɗa wa Hananiya da Mishayel da Azariya, suka roƙi jinƙan Allah tare. Manzo Bulus, yana cikin kurkuku, ya koya wa Filibiyawa su mai da kowace damuwa ta zama roƙo, su haɗa da godiya. Ku lura, abin da aka alkawarta a wurin salama ce mai tsaron zuciya. Ba a ce kowa zai ci maki 300 ba. Saboda haka ka kira tsoronka da sunansa a gaban Allah. Ka ce, Uba, Lissafi ne yake ba ni tsoro. Sa'an nan ka faɗa wa mahaifiyarka, ko malaminka, ko shugaban zumuntar matasa.

Na huɗu, sun kula da jiki. Bayan kwana goma na gwaji an same su lafiyayyu. Ku tuna da annabi Iliya kuma, a 1 Sarakuna 19. Da tsoro ya kama shi har ya roƙi mutuwa, abin da Allah ya fara ba shi barci ne da abinci da ruwa. A Sabo goro ba ya wuya, yara da yawa suna ci su haɗa da Nescafe domin su kwana karatu. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka karanta. Daren jarrabawa ka shirya takardarka da biro, ka kwanta da wuri. Da safe ka karya, ka fita da wuri saboda cunkoson Mokola. In ka zauna ka ji kanka ya ɗauke, ajiye biro, ja numfashi a hankali sau biyar, ka yi gajeriyar addu'a, ka fara da tambayar da ka sani.

Yanzu gare ku iyaye. A 2025 yara kusan miliyan biyu suka rubuta JAMB, a sakamakon farko fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 ba. Ran 14 ga Mayu na shekarar, shugaban hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito da hawaye ya ce an sami kuskuren na'ura da ya shafi yara 379,997 a Legas da jihohin kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawa. Kafin wannan sanarwa jaridu sun kawo labarin wata yarinya a jihar Legas da ta kashe kanta bayan ta ga makinta. 'Yan'uwa, maki aikin mutum ne da na'ura, yana iya kuskure. Ko da daidai ne, aikin yini ɗaya ya auna. Ran ɗanka kuwa jinin Kristi ne farashinsa.

Don haka kada ka ce wa yaro in ya faɗi kada ya dawo gidanka. Kada ki gwada 'yarki da 'yar maƙwabta. Ku faɗa musu tun kafin ranar: ko ka ci ko ba ka ci ba, kai ɗanmu ne. Ku rage musu talla da aike a makonnin nan. Wanda bai samu ba bana, akwai jarrabawar masu zaman kansu ta WAEC da NECO, JAMB kuma kowace shekara ake yi. Sannu ba ta hana zuwa. In kuwa yaro ya daina barci da ci kwana da kwanaki, ko ya fara maganar mutuwa, kada ku bar shi shi kaɗai. Ku kira fasto, ku kai shi asibiti a ranar.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba na sama, kai da ka tsaya da Daniyel a Babila, ka tsaya da 'ya'yanmu da 'ya'yan maƙwabtanmu. Ka ba su natsuwa su tuna abin da suka koya, ka tsare hannunsu daga sata. Ka ba iyaye bakin ƙarfafawa. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Sai mako mai zuwa in Ubangiji ya yarda. Salamar Allah ta kasance tare da ku.