Daga Tabennisi zuwa Kilomita Biyar

A Masar, wajen shekara ta 312, sojojin Rum suka kama wani saurayi mai bautar gumaka, Pakomiyus, don aikin soja na dole. Aka kulle shi da sauran waɗanda aka kama a birnin Tibis, ga yunwa ga gajiya. Sai ga waɗansu baƙin fuska da abinci da ruwa. Ya tambaya, aka ce Kiristoci ne. Da aka sallame shi ya karɓi addininsu, ya kafa gidan sufaye a Tabennisi wajen 320, inda ake aiki tare, a ci tare.

Ba wa'azi ya ja shi ba, abinci ne.

Irin wannan karamci ya sake bayyana a zamaninmu. A Bangi, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, da rikici ya ɓarke a Disambar 2013, Babban Bishop Nzapalainga ya ba Imam Kobine Layama mafaka a gidansa watanni. Ranar 30 ga Nuwamba 2015 kuwa, Fafaroma Faransis ya shiga Masallacin Koudoukou a Kilomita Biyar, unguwar 'yan kasuwa Musulmi, har da Hausawa, wadda mayaƙan sa-kai na anti-balaka suka yi wa ƙawanya. A ganina aikin bishop ya fi nauyi, don shi ya sa ransa a kasada.