KADA A BAR MAJIYYACI SHI KAƊAI

Muna gaida mutanen Avedji da na Zongo, da ku masu rumfa a kasuwar Asigame, da mahauta, da dillalan shanu, da mata masu tuwon sayarwa. Ina gajiya? Allah ya ba da kasuwa.

Yau maganarmu a kan masu doguwar jinya ce. Kun san yadda abin ya kan faru. Ɗan kasuwa yana cikin ƙarfinsa, sai ciwo ya kama shi. A kai shi babban asibiti na Tokoin, wanda a ke kira Sylvanus Olympio. Likitoci su auna shi, su ce ciwon daji ne, ko kuwa ƙoda ce ta gaza. A komo da shi gida. Makon fari zaure cike da masu gaisuwa. Bayan wata biyu sai matarsa kaɗai, ita ma ta gaji. Tun da aka tashi tsohon Zongo daga tsakiyar Lome a shekarar 1977, dangi sun warwatsu, zuwa gaisuwa ya zama tafiya mai cin kuɗin mota.

To, me wannan mutum ya ke ji da tsakad dare? Jiki yana zogi. Amma kuma yana tunanin rumfarsa da ke kulle, da bashin da a ke binsa, da zubin adashi, da 'ya'yansa ƙanana. Yana tuna Kano ko Maraɗi, yana cewa ko zai sake ganin gida. Wanda ya fi duka nauyi, yana tambayar ransa, ko Allah ya yi fushi da shi ne.

Akwai wata likita a Ingila, sunanta Cicely Saunders. Ta daɗe tana zama a bakin gadon waɗanda ciwonsu ya wuce warkarwa. Ta lura azabarsu kashi huɗu ce a haɗe: ta jiki, da ta zuciya, da ta damuwar iyali, da ta ruhu. A 1967 ta buɗe gidan jinya a London musamman dominsu. Ta koya wa ma'aikata su ba da maganin zafi a kan lokaci, kada su jira sai mutum ya yi kururuwa. A 1993 wata likita kuma, Anne Merriman, ta fara irin wannan aiki a Uganda. Ashe ko likita ya ce ba warkewa, da sauran aiki da yawa. Kada ku ji kunyar roƙon likita maganin zafi domin majiyyacinku. Ku sani kuma ciwon daji ba a ɗaukarsa ta wurin taɓawa ko cin abinci ƙwarya ɗaya.

Yanzu ku ji labari daga Linjila, cikin Markus sura 5. Wata mace ta yi shekara 12 tana zubar jini. Ta kashe dukan abin da ta mallaka wurin masu magani, ciwo sai gaba ya ke yi. Bisa ga dokar mutanenta ita mai ƙazanta ce, wanda ya taɓa ta ya ƙazantu. Ku duba, shekara 12 mutane suna janye jiki daga gare ta! Ran nan ta kutsa cikin taro, ta taɓa rigar Yesu daga baya a ɓoye, nan take jinin ya tsaya.

Da Yesu ya so, da ya wuce abinsa, gama wani babban mutum yana jiransa, 'yarsa tana bakin mutuwa. Amma ya tsaya. Ya neme ta, ya saurari labarinta duka, ya kira ta 'yarsa a gaban jama'a, ya sallame ta da salama. Ya san jikinta ya warke, amma kunya da kaɗaici suna nan, su ma ya ɗauke mata.

Kai da ke kwance kana jin muryata, ciwonka bai nuna Allah ya yashe ka ba. Yesu Almasihu ya san zafi, ya san yadda abokai su ke gudu, gama nasa sun gudu ran da aka kama shi. Ya mutu a kan gicciye domin zunubanmu, ya tashi a rana ta uku. Ba mu ce maka kowane mai bi zai tashi daga gadon jinya ba. Abin da ya yi alkawari shi ne gafara, da rai madawwami, da zamansa tare da kai har ƙarshe. Ka kira shi yau, ko da muryarka ba ta fita, yana ji.

Ku kuma masu lafiya, wa kuka daina zuwa gaishewa? Ku je yau bayan an tashi kasuwa. Ku zauna, kada ku tsaya a bakin ƙofa. Ku bar shi ya faɗi tsoronsa, kada ku katse shi da cewa ya yi haƙuri. Ku nemi shawararsa a kan ciniki, ya ji har yanzu shi mutum ne. Mace ɗaya ta karɓi matarsa kwana guda ta samu barci. Mai binsa bashi ya ɗaga masa ƙafa, ya kuma gaya masa da bakinsa.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubangiji Allah, ka dubi marasa lafiya na Lome da masu jinyarsu. Ka sauƙaƙa zafinsu, ka kwantar da zuciyarsu, ka aiko musu da masu zama kusa da su. Cikin sunan Yesu, amin.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.