Gayyar Bakin Ruwa

  

Yau ba baƙi da wasali muka zo da su ba. Maganar gayya ce ta kawo mu, ko da yake mun san ba mu ne za mu koya wa mutumin ƙasar Yauri gayya ba. Kowa a nan ya taɓa cin tuwonta. In gona ta fi ƙarfin mutum, yakan kai wa sarkin noma goro, a sa rana. Ran nan tun da sassafe sai ka ji ganga. Samari su jeru kowa da fartanyarsa, makaɗi na biye yana kiran sunan wanda ya wuce gaba, kafin azahar an gama aikin da mutum guda zai kwana goma yana fama da shi. A sha fura, a ci tuwo, a watse. Haka ake ɗaga jinka, haka ake jan sabon jirgi zuwa ruwa.

Amma ku lura da abu guda. Duk gayyar nan da muka ambata tana da mai ita. Gona ta wani ce, ɗaki na wani ne, jirgi na wani ne, shi ya sa aka sami mai kai goro. To, mashigin jirage fa, na wane ne? Hanyar da ta gangara daga kasuwa zuwa bakin ruwa, wadda zaizaya ke ci kowace damina, ta wace ce? Kowa na bi, kowa na tsaki, ba mai kai goro dominta. Wannan ita ce gayyar da muke so ajin nan ya kira.

Yawancinmu ba a haife mu ba sa'ad da aka yi tabkin nan. Dattawan da ke zaune a gaba sun fi mu sanin labarin, in mun yi kuskure su gyara mana. An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka tare kogin Kwara a 1968, ruwa ya yi baya har ya kai wajen Yelwa. Mutum wajen 44,000 aka tayar daga gidajensu. Tsohuwar Busa ta nutse. Gungawa suka bar tsibiransu da gonakinsu na albasa, aka maishe su tudu cikin gidajen siminti. Ruwan kuwa daji ya haye, ba a sare yawancin itatuwansa ba. Har yau kututturansu na nan a ƙarƙashi. Za mu komo kansu.

Bayan kamar shekara ashirin sai ga wata baƙuwa. Mun saba da kainuwa tamu, mai ɗan ganye shimfiɗe bisa ruwa, wadda ake ce wa dashen Allah. Wannan dabam ce. Doguwa ce, gindin ganyenta a kumbure kamar ɗan gora, furenta shuɗi-shuɗi mai kyan gani. Asalinta daga Amurka ta Kudu ne, mutane suka yi ta yawo da ita ƙasa ƙasa don kyan furen, har ta faɗa kogunan Afirka. An fara ganinta a tabkin Kainji wajen 1989, tana gangarowa daga sama, ta wajen ƙasar Nijar.

Ku ɗauko allo mu yi lissafi. In ta sami wuri mai daɗi, takan ninka kanta cikin kamar mako biyu. A ce yau kwando ɗaya ce a mashiginku. Bayan mako biyu, kwando 2. Bayan wata guda, 4. Bayan wata biyu, 16. Bayan wata uku, 64. Kun ga abin da yaro guda zai kwashe da hantsi ya zama aikin gari duka. Mu da muke yara a shekarun 1990 mun ga yadda take yi. Masunci ya kafa kalli da yamma, da safe ya tarar tarin ciyawa ya yi gaba da shi. Jirgi ya taso da buhunan albasa ya kasa kaiwa gaci. Mata su zo ɗiban ruwa, sai sun buɗa ganye da hannu, maciji kuwa na kwance a ciki.

A cikin shekarun nan ne aka yi wani aikin haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Jamus don kyautata kamun kifi a tabkin, tare da cibiyar binciken kifi da ke New Busa. Sun saki waɗansu ƙananan ƙwari masu cin ciyawar. A ƙarshen shekarun kuma aka gitta wani shinge mai yawo bisa ruwa tsakanin Zamare da Rofia, don ya tare ta kafin ta shiga tabki. Amma ƙwaro a hankali yake ci, shinge kuwa ba ya tare wadda ta riga ta shige. Wadda ta cika lunguna da mashigai, hannu ne ya fid da ita. Hakimai da dagatai da sarakunan ruwa suka yi shela, ƙauye ƙauye aka fito da igiya da manjagara aka yi ta ja. Waɗansunku da ke nan sun shiga ruwan, mun sani. Watau ba sabon abu muke roƙo ba. An taɓa yi, aka ga amfani, sa'an nan aka saki.

Bari mu faɗi namu kuskuren, kada ku maimaita. Shekarun baya mun haɗa wani aji a wani ƙauye na bakin ruwa, ba sai mun faɗi sunansa ba. Aka fito da kiɗa, mutum ya fi arba'in, tun safe har la'asar. Mashigi ya yi fes. Muka tara ciyawar nan tsibi tsibi a bakin ruwa, muka tafi muna yabon kanmu. Ashe lokacin ruwa na hawa ne. Ba a yi kwana goma ba ya iso tsibin, ya ɗauke abinsa ya mayar. Da muka sake kiran gayya, mutum bakwai suka zo, biyu daga ciki don su yi mana dariya. Wani tsohon masunci ya ce da mu, "Malam, da kun tambaye ni da na nuna muku inda ruwa ke tsayawa." Gaskiyarsa. Mun zo da karatu, ba mu tambayi mai wuri ba.

Saboda haka abin farko shi ne lokaci. Kun san ruwan nan sau biyu yake zuwa. Akwai farin ruwa na daminarmu, mai laka, wajen Agusta zuwa Oktoba. Akwai baƙin ruwa da ke tasowa tun daga duwatsun Gini, ya daɗe cikin fadamun Mali, ba ya iso mu sai da ɗari. Bayansa ne tabki ke ja da baya, har damina ta yi nisa. Sa'ad da yake ja ɗin nan ciyawa takan maƙale a gaɓa, sai a kwashe ta cikin sauƙi. A kai ta can sama da inda ruwa ya tsaya bara. A baza ta ta bushe a ƙone, ko a binne ta a rami ta ruɓe ta zama taki, masu albasa za su yi murna. Kada a sassare ta cikin ruwa, gama 'ya'ya take fitarwa ta gefe, kowane guntu mai tsiro zai zama uwa. Irinta kuma yakan yi shekaru cikin laka bai mutu ba, don haka gayya ɗaya ba ta gama ta. Gara mutum goma kowane wata da mutum ɗari sau ɗaya a shekara.

Mai shiga ruwa ya sa takalmin roba in yana da shi, a fara bugun ciyawa da gora kafin a sa hannu. Kada a bar yara ƙanana su shiga. Akwai 'yan katantanwa da ke maƙale cikin ciyayin gaɓa, su ne ke ɗauke da tsargiya. Mai tsargiya ya yi fitsari a ruwa, ƙwan cutar ya ƙyanƙyashe ya shiga katantanwa, daga nan ya fito ya huda fatar wanda ya tsaya a ruwan. Yaron da ke fitsarin jini ba girma yake yi ba, kamar yadda waɗansu ke cewa. Ciwo ne, maganinsa kuwa na asibiti. In gayya ta haƙa masai guda biyu nesa da mashigi, ta yi abin da ya fi share ciyawa.

Yanzu kututture. Babu wanda ya manta watan Mayu na 2021, sa'ad da jirgi ya kife kusa da Wara a ƙasar Ngaski, da mutum fiye da 150 a ciki. Kaɗan ne suka tsira. Allah ya ji ƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. Masu ninƙaya na ƙauyuka su ne suka kwana kwana suna neman 'yan'uwansu, ba wanda ya kai musu goro. Mun iya gayyar ɗauko gawa. Ta hana gawar ce ba mu saba ba.

Abin da ke kifar da jirgi a tabkin nan sananne ne: lodi fiye da kima, tsohon katako, iska, tafiyar dare, da kututturen da ba a gani. In ruwa ya ja, kawunan kututturan da ke hanyar mashiginku sukan fito. Lokacin ne jirage biyu uku za su fita tare da sarkin ruwa, a ɗaura wa kowanne jarka mai launi da igiya mai tsawo, yadda in ruwa ya hau jarkar za ta hau tare da shi. Wanda ke kusa da gaɓa a sare shi. Wannan bai fi aikin yini biyu ba.

Ga kuma inda karatunku ya shigo. Kowane jirgin fasinja, a zauna da mai shi da sarkin ruwa a yanke yawan mutanen da zai ɗauka, ɗan aji ya rubuta lambar da fenti a jikinsa, manya manya. Ranar kasuwa a sami mutum biyu daga ajin nan su zauna a mashigi da littafi, su rubuta sunan mai jirgi da yawan waɗanda suka shiga. Mun san abin da za ku ce: mai jirgi zai yi fushi, fasinja ma zai yi fushi, gama kowa na sauri. Haka ne. Ɗan aji ba ɗan sanda ba ne, ba zai hana kowa tafiya ba. Amma mai jirgin da ya ga ana ƙirgawa ana rubutawa, ya kuma san littafin zai je gaban dagaci, zai yi tunani kafin ya ƙara babura bisa kan mutane. Doka ta hana tafiyar dare, ta kuma ce kowa ya sa rigar ruwa. Inda aka raba rigunan, a ajiye su wuri guda a mashigi, a rubuta fitarsu da komowarsu. Mun ga inda suka ƙare a matsayin matashin kai.

Ba mu ce gayya za ta yi kome da kome ba. Tumɓuke manyan kututtura a tsakiyar tabki, da gina mashigi na siminti, da sayen jirgin ceto, waɗannan na hukuma ne, kada kowa ya ɗora muku. Akwai ƙaramar hukuma a Yelwa, da Wara, da Shanga. Akwai hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, akwai kuma HYPPADEC, wadda aka kafa don yankunan da madatsun lantarki suka shafa. A rubuta musu takarda. Amma takardar da ta ce "mun sa alama a kututture kaza, ga inda suke, saura manya uku sun fi ƙarfinmu" ta fi wadda ta ce "a taimake mu" nauyi. Wannan takarda kuwa ku ne za ku rubuta ta da hannunku, ba sai an biya wani a bakin kasuwa ba.

Saura maganar wanda ba ya zuwa. Kowane gari akwai shi. Zai tsaya bisa tudu yana kallo, gobe kuma shi ne na farko a mashigin da aka share. Waɗansu sun ce a ci shi tara. Mu dai ba mu so, gama da tara ta shigo, gayya ta koma aikin tilas, dattawa kuwa sun ji labarin aikin tilas na zamanin En'e, ba wanda ya tuna shi da alheri. A rubuta sunayen waɗanda suka zo, a karanta su a ƙofar dagaci, makaɗi ya kira su. Wanda bai ji sunansa sau uku ba, 'ya'yansa za su tambaye shi. Mai uzuri ya aiko da goro ko mudun gero. Mata kuma kada a bar su da tukunya kaɗai. Su suka san inda ake zamewa a hanyar ɗiban ruwa, su suka san inda shara ta taru bayan wurin bandar kifi. A tambaye su tun kafin a sa rana, a rubuta sunayensu tare da na kowa.

To, ga aikin da za ku zo da shi ranar aji mai zuwa. Kowa ya gangara bakin ruwa ya duba, ya rubuto abu guda da ya lalace wanda ba shi da mai shi. Layi ɗaya ya isa. Wanda hannunsa bai nuna ba tukuna ya faɗa wa na kusa da shi ya rubuta masa. Malamin aji zai tara su a allo, ku zaɓi mafi sauƙi ku fara da shi, sa'an nan mutum uku su je gun dagaci da sarkin ruwa a sa rana. Goron wannan karon mu za mu saya.