Dalilin Da Ya Sa Muke Yawan Tambaya Kafin Mu Ba Da Magani

Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, 'yan'uwa maza da mata na Kajuru da Kasuwan Magani, muna godiya da kuka ba mu ma'aikatan jinya wannan dama.

Ƙorafin da muka fi ji daga gare ku shi ne wai mun cika tambaya. An kawo mara lafiya yana nishi, nas ta tsaya sai an faɗi suna, da sunan uba, sai an nuna kati. To, ku yi haƙuri. A ɗaki ɗaya sai a kwantar da A'isha uku, kowacce da cutarta. Shi ya sa aka hore mu da duba abu biyar kowane lokaci: mai maganin ne, maganin ne, adadin ne, lokacin ne, kuma ta baki ne ko allura. Allura in ta shiga jiki ba ta dawowa.

Maganar yara ta fi damun mu. Maganin yaro da nauyinsa ake auna shi, ba da ido ba, don haka muke ɗora shi a sikeli. Idan muka ce mililita 5, ku yi amfani da ma'aunin da ya zo da kwalbar. Cokulan gida ba girmansu ɗaya ba, wani ya ninka wani. Farasitamol ɗin nan da ake rainawa, in ya yi yawa hanta yake lalatawa, kuma sau da yawa yana cikin maganin mura da aka riga aka sayo a kemis. Uwa ta ba da wancan, mu mu ƙara namu, an ninka ke nan ba wanda ya sani. Don Allah iyaye mata, duk abin da aka ba yaro a gida, ƙwaya ko jiƙo, a faɗa mana. Ba faɗa za mu yi ba. In da hali ma a zo da kwalbar.

Kwalbar kuwa tana da muhimmanci. A 1990 yara 47 suka rasu a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, saboda ruwan farasitamol da aka haɗa da wani sinadari mai kashe ƙoda. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 irin wannan guba a maganin haƙoran yara na My Pikin ta hallaka yara 84 a ƙasar nan, har da Zariya. Saboda haka muke duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ku ma ku riƙa dubawa.

Mu ma 'yan Adam ne, aikin dare yana gajiyar da mutum. Idan kuka ga ƙwayar yau ta bambanta da ta jiya, ku tambaya kafin a haɗiye. Wanda kuma penisilin ko Septrin ya taɓa fesa masa ƙuraje, ya faɗa tun a wurin yankar kati, a rubuta.