Ƙwaƙwalwar Yaro Da Magungunan Kashe Zafi

Jama'a, a shekarar 1973 masana suka gano cewa a ƙwaƙwalwar ɗan Adam akwai waɗansu ƙananan gurabe, waɗanda sinadaran kashe zafi ke shiga kamar yadda mabuɗi ke shiga kwaɗo. Asalinsu domin sinadaran da jiki ke yi da kansa ne, amma kodin da tiramadol su ma can suke aiki.

Guraben nan suna bayyana tun ɗa yana ciki, kuma yawansu yana sauyawa yayin da yake girma. Don haka mai juna biyu da ta saba shan kodin takan haifi jariri mai karkarwa da yawan kuka. Waɗansu guraben suna sashen da ke kula da numfashi, saboda haka ba a ba yaron da bai kai shekara 12 ba kodin, don kada numfashinsa ya tsaya. Sashen tsai da shawara kuwa ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, shi ya sa matashi kan kamu da jaraba da wuri.

A watan Mayu 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Saura iyaye su sa ido, kada a ba yaro irin waɗannan magunguna sai da izinin likita.