HIRAR SIYASA: WANE NE, KO ME YA AIKATA?

Jawabi ga jama'ar ƙasar Kalgo da Gwandu

Duk wanda ya zauna a bakin kasuwar Kalgo, ko wurin mai shayi, ko ƙofar gida bayan la'asar, ya san hirar siyasa ba ta yankewa. Wannan kuwa abin murna ne, domin alama ce ta cewa talakawa sun damu da sha'anin mulkinsu. Amma in aka saurara da kyau, sai a ga galibin maganar a kan mutane ta ke. Wane ɗan wane ne. Wane mutumin Gwandu ne, wane na Argungu, wane na Yawuri ko Zuru. Wane ya ɓata da ubangidansa. Da wuya a ji an tambayi abin da wanen ya yi da amanar da aka danƙa masa.

Ga misali. Cikin watan Mayu 2025 sanatocin Jihar Kebbi duka uku suka bar PDP suka koma APC. Irin wannan labari ya kan cika gari, a yi ta lissafin wanda ya ci riba da wanda ya faɗi. Amma komawar ba ta sauya aikin sanata ba, watau yin doka da duba yadda a ke kashe kuɗin ƙasa. A kan wannan aiki ya kamata a auna shi, ko wace tuta ya riƙe.

Ba a ce sanin halin mutum banza ne ba. Hali zanen dutse ne, kuma mai hankali ba ya ba maci amana ajiya. Sai dai asali daban, hali daban. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda sarautar Gwandu ta faro daga gare shi, ya rubuta littafinsa Diya'ul Hukkami a Kano domin ya bayyana wajiban shugaba da na mataimakansa. Ashe tun dā ma'aunin shugaba a ƙasar nan shi ne ko ya sauke nauyin da ke kansa.

Abin da ya sa hira ta ke karkata ga mutane a fili ya ke. Labarin mutum yana da daɗin ji, kasafin kuɗi kuwa lissafi ne mai gajiyarwa. Sa'an nan ɗan takarar da ba shi da aikin da zai nuna, ba abin da ya fi masa sauƙi kamar ya ce, shi ɗan gida ne, abokin karawarsa baƙo ne. Wayar hannu ta ƙara wa abin gudu, har zagin da aka yi da safe a Birnin Kebbi ya kan kai ƙauye kafin azahar.

To, ga al'amura uku da suka fi cancanta a yi hira a kansu.

Na farko, shinkafa. A watan Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya buɗe shirin Babban Bankin Nijeriya na ba manoma rance. Da daminar 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar. A watan Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin tayar da injin ban ruwa ya hau. Manomin fadama yana da hakkin ya tambaya: wa ya sami rancen, wa ya biya, kuma wace dabara aka tanada saboda taki da ruwan rani?

Na biyu, kuɗin ƙaramar hukuma. Kalgo ɗaya ce cikin ƙananan hukumomi 21 na jihar da aka kafa a 1991. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi rabonsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓun shugabanni su riƙe su. Saboda haka ya halatta kowa ya nemi sanin nawa ya shigo a wata, da rijiya ko ɗakin shan magani da aka yi da shi.

Na uku, ilmi. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, tana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Yaran da ke maƙwabtaka da ita ba za su shige ta ba sai makarantun firamare da sakandare sun gyaru. Malamai nawa ke akwai, kuma suna zuwa aji?

Kowace tambaya tana da mai amsa ta. Rijiya da kasuwa na kansila da shugaban ƙaramar hukuma ne. Kasafin jiha na ɗan Majalisar Dokoki ne. Abin da ya shafi Tarayya kuwa na wakilin mazaɓar Birnin Kebbi da Kalgo da Bunza ne, da sanatan Kebbi ta Tsakiya. Matambayi ba ya ɓata. In mai neman ƙuri'a ya zo, a karɓe shi da mutunci, a ji ta bakinsa, sa'an nan a tambaye shi me zai yi, da wane kuɗi, kuma yaushe. A riƙe amsarsa har zaɓe mai zuwa.

Allah ya ba da zaman lafiya da damina mai albarka, amin.